Hannu Marar Waya

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Agusta, gari ya waye da yayyafi mai naci, kuma a safiyar ne Koci ya gano ɓera ya datse masa wayar hannun gem, abin da yake dannawa yana buga wasan kwamfuta.

Koci ba kocin kowa ba ne. Tsohon akawu ne da ritaya ta zaunar a falo, ya koma yi wa masu karanta labarai a talabijin gyara, har babban ɗansa ya kawo masa kwamfuta mai wasan ƙwallo ko gida ya samu lafiya. Makon farko ya sha kashi har abinci ya fita ransa. Daga nan, kwatsam, hannunsa ya faɗa. Ya ci ɗansa, ya ci surukinsa, ya ci maƙwabcinsu likitan haƙori har bawan Allah ya daina shigowa. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa.

Ga shi ranar Asabar ƙaninsa, Auta, zai zo. Sun yi yarjejeniya a gaban 'yan'uwa: wanda aka ci zai wanke motar ɗan'uwansa a ƙofar gida, maƙwabta suna kallo.

Koci ya ɗaga guntuwar wayar. Bakin yankan har ya yi ƙura, amma hankalinsa na kan Asabar.

"Ni da waya har abada," ya ce. "Marar waya zan saya."

Matarsa, Malama, wadda ta ƙare aikinta a koyar da lissafi, tana zaune inda ta saba zama duk lokacin wasa, a kujerar bayansa, lulluɓe da mayafi saboda fanka ba ta yi mata. Ta ce za ta raka shi. Ya yi mamaki, domin Malama ba ta shiri da ruwan sama.

Shagon yana hawa na biyu, tsakanin mai gyaran waya da tela. Mai shagon ya jera hannuwa huɗu a kan gilashi ya shiga bayani. Wannan batir ake sa masa, wancan caji yake yi. Wannan yana girgiza idan aka yi karo. Wancan kuwa yana da ɗan abu kamar kan yatsa da ake soka wa kwamfuta, da shi suke jin juna ko daga wani ɗaki ne.

"Baban yara, ɗauki ɗaya mu tafi, ruwan nan ƙaruwa zai yi," in ji Malama.

Koci ya ce tunda yake bai taɓa sa hannu a takardar da bai karanta ba, ba kuma zai sayi abin da bai gwada ba. Mai shagon ya kunna kwamfutar gwaji.

Da hannu na farko, 'yan wasan Koci suka kwashi ƙwallo suka nufi ragarsu da gudu. Ya ce abin yana da santsi. Da na biyu, mai tsaron gidansa ya fito yawo tsakiyar fili bai koma ba. Ya ce maɓallan sun yi tauri. Da na uku, ya danna abin da yake zaton bugu ne, sai ɗan wasansa ya kwashe ƙafar wani aka ba shi jan kati.

Mai shagon ya duƙar da kai yana goge gilashin da ba datti.

Koci ya yi gumi duk da sanyin gari. Ya hango kansa da bokiti da soso, Auta yana tsaye yana nuna masa inda bai fita ba. A karon farko ya dubi yatsunsa, ya tambayi kansa ko tsufa ne ya iso ba sallama.

"Tabaranka ne ya yi hazo," Malama ta ce a hankali. "Akwai famfo a ƙarshen baranda, je ka wanke."

Da ya fita, ta matsa kusa da mai shagon ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya sake dubanta. Sannan ya zagaya bayan kwamfutar ya ce bari ya gyara saiti.

Koci ya dawo ya karɓi na huɗu, ruwan toka, mai 'yar fitila shuɗiya. Malama ta ja kujera ta zauna a bayansa, ta gyara mayafinta, ta ce shagon nan akwai sanyi.

Nan take wasa ya canza. Ƙwallo ta riƙa bin ƙafa kamar an ɗaura ta. Aka yanke mutum biyu, aka ɗaga ta saman mai tsaron gida, ta faɗa raga. Kafin a tafi hutu an zuba uku. Mai shagon yana ta tafi, ko da yake idonsa ya ƙi tsayawa a kan allo.

"Ka gani, yaro?" Koci ya ce yana miƙewa. "Sauran ukun nan ka mayar wa kamfani, cutar mutane kuke yi. Auta kuwa ya taho da sosonsa."

Ya biya bai nemi ragi ba. Sai da suka sauka ƙasa Malama ta tuna ta bar lemarta a sama.

Mai shagon yana jiranta. Ya zare wani ɗan abu daga bayan kwamfutar, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mama, nasa fa ban haɗa shi da komai ba. Fitila kawai yake kunnawa."

"Ita yake bukata," ta ce.

Ta ɗaga mayafinta ta mayar da ɗan abin cikin nata hannun gem ɗin, tsoho marar waya, wanda maɓallansa suka koɗe saboda wasannin da take ci wa Koci daga kujerar baya tun mako na biyu.