Tsoho Mai Lema Ya Dawo Daga Kabari

Ana shafa masa gam a haɓa ya kai shafi na uku na labarin sabon fim ɗin, sai ya ture hannun mai kwalliya ya miƙe, rabin gemu na lilo.

A fim ɗin bara an binne Tsoho Mai Lema, shi da kansa ya kwanta a makara har ƙafarsa ta yi sanyi. Yanzu ga Tsohon a shafin farko yana sayar da agogon bango, babu ko kalma ɗaya a kan yadda ya fito daga rami. Matarsa da ta gudu a fim na tara ta koma ƙanwarsa. Ɗingishin hagu kuma ya koma dama.

"Kawu, barkwanci ne fa," in ji darakta, wanda bai fi wata biyu da kama aiki ba. "Wa zai lura?"

Wannan tambayar ta soke shi fiye da yadda ya zata. Shi mutum ne da ya kalli tsofaffin finafinan nan har faya-fayan suka gaji, yana tsayar da hoto yana auna yadda ake karkata lemar. Kullum sai ya cusa takarda a takalman Tsoho don kada tafiyar ta canza. Duk wahalar nan ya sha ta ne bisa imanin cewa masu kallo suna kallo da gaske. Ya rantse ba zai ƙarasa manna gemun ba sai an gyara labarin.

Darakta ya ce a tambayi masu kallon, abin da suka yanke shi ke nan. Suka tsallaka titi zuwa shagon aski, shi da baƙin gilashi da hula har gira, yana dafe da gemun.

Shago ya kaure da ihu. Wani ya tashi da kumfa a rabin kai don a ɗauke su hoto. Da aka natsu ya jero musu ƙorafinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kai ƙara. Babu wanda ya tuna da matar. Mutum biyu suka yi musu a kan ko ya taɓa mutuwa ma.

"Ka mutu sau goma, ba ruwanmu," in ji mai aski. "Mu kai muke kallo. Tun ina ɗan firamare nake ganin fuskar nan, ko ɗigo ba ta canza ba. Ranar da aka sa wani a madadinka, a minti ɗaya za mu gane."

Kowa ya ce wallahi haka ne. Darakta ya daki kafaɗarsa yana taya shi murna, wai ga soyayya. Shi ma ya yi dariya, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. Ya koma aka manne gemun, ya yi ɗingishin dama yini guda, babu wanda ya ce uffan.

Da yamma ya biya gidan yayansa, ya same shi a tsakar gida yana zuba wa kaji dusa. Ya zauna a kan bokiti ya zayyana masa komai.

"Yaya, fim biyar ke nan tun da ka miƙa mini gemun nan. Ko mutum ɗaya bai ce wannan ba shi ba ne."

Yayan ya karkaɗe hannu, ko ɗago kai bai yi ba.

"Kwantar da hankalinka. Ni shekara takwas na yi ina jiran su gane ba Babanmu ba ne."