Ciwon Akawu

Uwar akawu ta sauka daga mota a Abakpa, daga ita sai ganye a ƙugu, kamar yadda ta saba a ƙauyensu. Ɗanta, babban ma'aikacin ofishin Turawa, ya ruga ya yafa mata zane.

"Haba Mama, nan Kaduna ce!"

Da suka shiga ɗaki ta ƙura masa ido. Ga kwat, ga laktaye, ga safa, gumi sai ɗiga yake.

Ta ce, "Tuɓe."

Ya tuɓe yana kare tumbinsa da hannu. Ta zagaye shi ta dudduba, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Na gode Allah. Da na gan ka a naɗe haka, na ɗauka kuturta ce. Ashe boko ne."