Launin Kekena

Tun a hanya nake jin zan ɓata wa 'yata Suwaiba lamari.

Yanzu ba a ba marubuci aiki sai ya tabbatar shi mutum ne, ba na'ura ba. Suwaiba na neman aikin rubutu, hujjarta kuwa ita ce shafinta na intanet, wanda ta buɗe tun tana sakandare, ina faɗa wai ɓata lokaci ne. Ta nan aka santa. Ni aka kira shaida.

Jami'ar da ke tantancewa ta karanto daga shafin yadda nake goya Suwaiba a keke mu sayo ƙosai, tana riƙe da rigata. Har ƙamshin man na ji.

"Baba, keken wane launi ne?" jami'ar ta tambaye ni.

"Baƙi," na ce.

"Ta rubuta kore."

Suwaiba ta yi dariyar yaƙe. "Haba Baba, tsufa tun yanzu?"

Jami'ar ba ta yi dariya ba. Ta ce na'urori ma suna ƙirƙirar yarinta, har da uba.

Shekara ashirin da sayar da keken, hotonsa ma babu. Laraba za su yanke hukunci. Har yanzu ban san wane ne cikinmu ya manta ba.