Tuffa Ba Alkama

Nélida ta sake goge teburin da ruwan zafi, ta bi tsagar katakon da bakin wuƙa, don a nan garin alkama yake maƙalewa. Ta ture muciyar katako gefe ta ɗauko cokalin ƙarfe. Kwanon gashin ma ta wanke shi, duk da a wanke yake.

A waje iskar Afrilu tana kakkaɓe ganyen dogayen itatuwan alamo cikin magudanar ruwa. Bayan itatuwan layukan tuffa ne, waɗanda ita da mijinta Amadeo suke reno tun suna sabbin aure. Gonar ba tasu ba ce. Mai ita ya mutu, magadansa na Buenos Aires suka sayar wa wani kamfanin haƙar mai. Katafiloli suna nan a bakin hanya, gobe za su shiga.

Lauyan ƙungiyar manoma ya ce alƙali zai saurare su mako mai zuwa. In itatuwan suna tsaye, akwai abin roƙo. In an tuge su, magana ta ƙare. Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Injiniyan da kamfanin ya ɗora a kan aikin, wanda katafila ba ta motsi sai yana wurin, ya aiko cewa zai zo da rana karɓar makullin gona. Nélida ta aika masa cewa sai ya ci wani abu kafin ya tafi.

Ta fere tuffa, tsintar ƙarshe, ta yanka siri-siri, ta zuba zuma maimakon sukari, da kirfa da ɗan zabibi. A wani kwano ta murje garin masara da na rogo da man shanu har suka yi tsaki-tsaki, wanda za ta barbaɗa a sama. Cikin injiniyan ba ya ɗaukar alkama. Ko ƙurarta ce ta shiga abincinsa, sai ya yi kwanaki a kwance, amai da gudawa, wani lokacin har asibiti.

Amadeo yana zaune kusa da tanderu, shayin mate ya huce a hannunsa.

"Kin zama kukun kamfani ke nan, tsohuwa?"

Ta ci gaba da murza garin.

"Cokali ɗaya na fulawa," ya ce a hankali. "Ba mutuwa zai yi ba. Ya kwanta mako guda, alƙali ya zauna."

"Ka ji abin da bakinka yake faɗa kuwa, Amadeo?"

"Na ji. Shi ya ji namu?"

Ta ɗauki gwangwanin fulawa ta kai can saman kantar ajiye kaya, ta tura shi bayan kwalabe. Itacen tanderu ya yi ƙasa, sai ta fita rumfa ta ɗebo. Ta ɗan tsaya tana kallon layukan tuffa, hannuwanta cike da itace, har sanyi ya kore ta. Da ta dawo Amadeo yana inda ta bar shi. Ta barbaɗa garin a kan tuffar, ta tura kwanon cikin wuta.

Ƙamshi ya cika gidan lokacin da farar mota ta tsaya. Injiniyan ya cire hular kwanonsa, ya sunkuyar da kai ya wuce ƙasan ƙofar ba tare da ya dubi tsayinta ba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya gaishe su. Nélida ce kaɗai ta amsa.

Ta yanko masa gefen da ya fi soyuwa, ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon farantin.

"Na yi ƙoƙari a ɗaga ranar," ya ce. "Sun ƙi."

"Ci mana, Injiniya," in ji Amadeo. Ya miƙa hannu ya tura masa farantin. "Ci da zafinsa."

Tun da aka fara maganar sayar da gona Amadeo bai ce wa mutumin nan uffan ba sai yau. Nélida ta dubi hannun da ya tura farantin. A bakin hannun rigar akwai farin gari, ya shiga cikin saƙar ulun. Ta ɗaga ido zuwa kantar. Gwangwanin yana gaban kwalabe, murfinsa a karkace.

Injiniyan ya cika cokali.

Ta taga tana hango itatuwan, da 'yan jajayen tuffa da suka rage a ƙololuwa inda tsani bai kai ba. Mako guda kawai suke nema. Abin da ake so daga gare ta shi ne ta yi shiru.

Cokalin ya kusa bakinsa ta kai wa farantin duka. Ya tarwatse a ƙasa, tuffa ta fantsama a wandonsa. Ta sunkuci kwanon gaba ɗaya ta kife shi cikin bokitin shara.

"Tashi ka fita," ta ce. "Ba abin da za ka ci a gidan nan."

Ya dube ta. Ya ajiye cokalin a hankali. Ya zare makullin daga ƙusar da ke bayan ƙofa, ya sa hularsa, ya fita. Ta ji motar ta daɗe kafin ta tashi.

"Kin kashe gonar," in ji Amadeo.

Ta durƙusa tana tsince fasassun farantin, guda ya yanke ta a yatsa, ba ta ji ba. Ta san ba zai sake tako ƙofar nan ba. Amma gara ya tafi yana zaton uwarsa ta tsane shi, da ya san abin da ubansa ya zuba masa a abinci.