Ƙofar da Ta Ƙi Kulluwa

Mai gyara ya durƙusa gaban injin wanki ya tura ƙofar. Ta ƙi kamawa. In kuwa ƙofa ba ta kullu ba, inji ko ruwa ba zai ja ba.

Ya zare wuta, ya duba hannun ƙofar, lafiya lau. Ya haska ramin makullin da tocila, sai ga guntun kwali a nannaɗe, da gani cusa shi aka yi. Karo na uku ke nan a gidan nan.

Ya saci kallon tsohuwar da ta kira shi. Har ta jera kofi biyu a tebur, ta jawo masa kujera. Tausayinta ya kama shi. Ya san wannan ciwon, don tun da matarsa ta rasu shi ma da rediyo yake hira.

Ya nuna mata kwalin, ya sassauta murya.

"Baiwar Allah, injinki ƙalau yake. In kaɗaici ne ya dame ki, ki faɗa. Ba abin kunya ba ne."

Ta tura masa kofi ɗaya.

"Ni? Jikokina bakwai, da ƙyar nake kora su waje in za ka zo."

"To, kwalin fa?"

"'Yarka ce ta bi mu gida-gida tana kuka. Ta ce in ba injin wani ne ya lalace ba, sai ka yi sati ba ka buɗe ƙofarka ba. Zauna, Malam. Gobe maƙwabciyata ce da kwali."