Ramuka Tara na Dutsen Sumra

Yunus ya shimfiɗa taswirar wani fili a kan tabarma, ya danne kusurwoyinta da kofunan shayi.

Kwana huɗu ya yi yana zaga lungunan unguwar Jarwal a ƙasa mai tsarki bayan an sauko daga Mina, yana cigiyar wani tsoho Hashimu da ya taɓa leburanci a Sudan, kafin ya samo gidan nan nasa. Duk wanda ya tambaya sai ya yi murmushi ya ce, "Hashimu mai ramuka? Allah ya ba ka haƙuri, yau ka sha labari."

Yunus ma'aikacin wani otal ne a kan Dutsen Sumra, cikin tsaunukan Sudan masu kallon Bahar Maliya, inda Turawa kan gudu idan zafi ya tsananta. Iyayensa Kanawa ne da hanyar hajji ta ajiye a can. Abin alfaharin otal ɗin filin golf ne, wasan da ake bin 'yar farar ƙwallo da sanda har a jefa ta rami. A 1915 aka kafa shi, kuma a duk yankin shi kaɗai ya rage. Sauran sun koma gonaki da tashar mota.

Sai dai filin ya lalace. Lokacin yaƙin duniya na biyu wani manaja ya ga ramukan sun cika karkacewa, ya sa aka cike su aka haƙa sababbi a miƙe. Tun daga nan baƙi suka fara raguwa. Yanzu tsofaffin 'yan wasa sun rubuto cewa za su zo bikin cika shekara hamsin, in har an mayar da ramukan inda injiniyan farko ya sa su. Zanen injiniyan kuwa gara ta cinye. Mai otal ya ce in bikin bai yiwu ba zai rufe, mutum arba'in su kama gabansu, har da Yunus.

Shekara arba'in Hashimu yana gaya wa mutanen Jarwal cewa da shi aka auna filin nan, babu mai yarda. Yau ga baƙo da takarda daga ƙetaren teku. Maƙwabta suka cika bakin ƙofa. Hashimu ya gyara rawani, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Ramin farko," in ji shi, "a gaban rijiya yake."

"Bayan rijiya, Malam," in ji wata murya daga bayan labule. "Gindin bishiyar ƙaya."

Hajo ce, matarsa. Yunus ya duba wasiƙun tsofaffin baƙin da ya zo da su. Ɗaya daga ciki ta ambaci wata bishiyar ƙaya da ta sha cinye musu ƙwallo a ramin farko. Ya yi alama a bayan rijiya.

Hashimu ya ce na biyu a kan tudu yake. Hajo ta ce a ƙasan tudu, inda iska ba ta kaiwa. Ya ce na uku can gabas. Ta ce kusa da bukkokin leburori, a bakin hanyar da suke bi da safe. Kowane lokaci wasiƙun da ita suke tafiya.

Aka fara ƙyalƙyala dariya a bakin ƙofa. Hashimu ya share zufa ya ce, "Na sha ba ta labari ne, shi ya sa. Ilimin injiniya ne, ɗana. Shi ya nazarci iska da inuwa."

Kafin a kai na shida, Yunus ya riga ya juya taswirar ta fuskanci labule. Na shidan ma baya ya koma, ya laɓe a bayan wani dutse, kamar mai ɓuya. Na bakwai ya tsallake kwari gaba ɗaya. Wasiƙun duk sun yi ta yabon wannan karkacewa, wani ma ya rubuta cewa bai taɓa ganin filin da ke wahalar da mai binsa haka ba.

Da aka zo na tara, Hashimu bai jira kowa ba. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin wata tsamiya, fuskarsa ta washe. Wannan karon ba a gyara masa daga bayan labule ba.

Yunus ya naɗe taswirar. Aikin mutum arba'in ya tsira. Ya ce za su kafa allo da sunan injiniyan a bakin fili, kuma a ƙasa za a rubuta na Hashimu.

"Saura tambaya ɗaya, Baba," in ji shi. "Manyan filaye ramuka sha takwas ne, kuma ga wuri har ya yi yawa. Me ya sa injiniyan ya tsaya a tara?"

Hashimu ya buɗe baki zai fara bayanin hikimar Turawa. Sai aka ɗaga labule, Hajo ta fito da sabuwar butar shayi, ta ajiye, ta gyara mayafi.

"Wallahi ya ishe ka haka, Malam. Ɗana, Baturen nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai taɓa taka filin ba. Malam ɗin nan ya miƙa wa turakun alamar ramuka ya ce ya kakkafa. Ni kuwa ƙosai nake toya wa leburori, muna tara kuɗin jirgin hajji. Duk inda na kafa murhu, sai in ga mutum ya zo da turke wai aiki ne ya kawo shi. In kwashe kaskona in canza wuri, kashegari ya biyo ni."

Ta tsiyaya shayin, ta miƙa wa Yunus.

"Da ban gaji na amsa masa maganar aure a na tara ba, da filinku ya cika sha takwas."