Hular Baba da Na'urar Ruwa

Tun da aka hana haƙa rijiya, ruwan garinmu yana hannun na'urar da Japanawa suka kafa. Sai ka rubuta mata umarni a baƙin allon kwamfutarta kafin ta saki ruwa. Umarnin yakan sauya, bayaninsa kuma da Japananci yake fitowa, ga shi babu mai karantawa a cikinmu. Marigayi Babana Tanimu, mai kula da na'urar, maɗinkin hula ne, shi ya sa ya ɗinke zanen layin buɗe ruwa da Japanawan suka nuna masa a jikin hularsa.

Yau famfo ya ƙafe, albasar Gwaggo Ladidi ta fara kwantawa. Ta iske ni gaban allon.

"Ɗan nan, ka iya kuwa, ko hular kawai ka gada?"

"Yi haƙuri, Gwaggo, ba a yi wa zare gaggawa."

Na kira bayanin, na tuɓe hular, ina gwada zane da zane har na gano layin. Na kwafi umarnin da ke ƙarƙashinsa. Ruwa ya taho, Gwaggo ta ce, "Ashe Tanimu ya bar baya."

Sai dai a ƙasan allon akwai wani jan layi da babu shi a hular. Na ɗauko allura da jan zare na zauna in ɗinke zanensa a hular. Wannan kam ɗinkina ne.